Takwarana Ɗan Ƙasar Dabino

Magama, Jibiya,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga yayan Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen Maraɗi. Mu nan lafiya lau, sai idon mahaifiyarka da ya yi rauni. Kada ka yi mamakin rubutun, hannuna ne. Shekara huɗu na yi ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma. In ka ga ya karkace, ka yi haƙuri.

Ka san da aka rufe iyaka manyan motoci suka yi layi a nan wata da watanni. Da zaman banza ya ishi direbobi da yaransu, sai suka shirya gasar ƙwallo ta ƙasa da ƙasa, kowace ƙasa da sunan kayan da ta ɗauko: Ƙasar Siminti, Ƙasar Taki, Ƙasar Dabino da Ƙasar Albasa. Albasar ta ruɓe tuni, amma ƙasar tana nan. Buhunan kaya ne tutocinsu, tsohuwar butar shayina ce kofin. Da yake a teburina suke karyawa, 'yan Albasa suka naɗa ni shugaban ƙasa, kuma ni ke rubuta sunayen 'yan wasa. Ni fa, da na farke ƙwallonka da wuƙa, na ce in ka tsallaka Maraɗi don wasan banza kada ka sake taka gidana. Shekara ashirin da uku ke nan.

Ran Juma'a aka yi wasan ƙarshe, mu da Dabino. Aka yi ƙorafin 'yan Dabino suna sa 'yan haya, don haka aka ce kowa ya faɗi sunansa da na uba da na kaka. Wani dogon saurayi cikin 'yan Dabino, yaron motar Nijar da ta maƙale a ɓangarenmu, ya ce Abba. Na ce Abba ba sunan yanka ba ne. Ya ce Zunnuraini. Na ɗago kai, don nan kowa Baba Mai Shayi yake ce mini, ban taɓa gamuwa da takwara ba. Ya faɗi sunan uba. Ya ce kakansa mutumin Riko ne, garinmu na asali, sunansa aka sa masa, bai taɓa ganinsa ba, amma babansa kan ce mutum ne mai zafi wanda ba ya ƙarya.

Biro ya faɗi daga hannuna. Ashe ni da na kore ka, ni ka yi wa takwara? Ashe shekara ashirin kana ce wa ɗanka Abba don kada ka kama sunana? Na ɗauki biro na rubuta sunayen, tsoro nake ya ji ko ni wane ne ya juya mini baya.

Ana dab da tashi ya zura mana ƙwallo da ƙafar hagu, irin taka sak. Ban san lokacin da na faɗa fili ba, da takalmi ɗaya, ina ihu jikana ne, jikana ne! Nan take 'yan Albasa suka yi mini juyin mulki, suka ce shugaba ya sayar da ƙasa. Shi kuwa ya tsaya kamar an dasa shi, sai da na nuna masa katin zaɓena ya ga sunana.

Da na kai shi gida, mahaifiyarka ta shafa fuskarsa tana kuka. Yanzu ɗan nema cewa yake ya zo ƙwace matarsa daga hannun tsohon da bai iya riƙe ƙasa ba.

Ni ne na yi kuskure. Na janye maganata, gida gidanka ne. Ka zo tun mahaifiyarka tana iya rarrabe fuska. Da an buɗe hanya takwarana ne zai kawo maka wannan takarda.

Ɗan fari ne kai, bakina bai taɓa kiran sunanka ba. Ran Juma'a dole ta sa na rubuta shi cikin jerin 'yan wasa. Yau ba wanda ya sa ni.

Ahmadu, ka dawo.

Ni ne mahaifinka,
Zunnuraini Riko.