Sun ɗebi jininmu a rumfar Babana, ba su dawo ba

Assalamu alaikum Hajiya Hanatu.

Kafin in gaishe ki da aiki, bari in tambayi masu karanta wannan fili, musamman masu farar rigar asibiti a cikinsu: in mutum ya zo garinku ya ɗebi jininku, ya ce in ya ga matsala zai neme ku, sannan aka shekara shida ba ku ga ko ƙeyarsa ba, me za ku ɗauka? Ku faɗa mini tsakaninku da Allah. Mu dai lafiya muka ɗauka. Ki taimake ni Hajiya, yau kwana ashirin ina ɗauke da wata magana, na rasa wanda zan sauke wa.

Ni ɗan wani ƙauye ne gaba kaɗan da Rawayya, a ƙasar Bungudu, amma yanzu ina Damba cikin Gusau ina gyaran waya. A aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya, sai dai ba wanda zai raina mini karatu. Da tsofaffin jaridun naɗe tsire da wani ƙamus mara bango na koyi Turanci, har yau kuma abin da na gani a rubuce sai na bi shi har ƙarshe.

Babana Malam Shu'aibu wanzami ne, Allah ya jiƙansa. Da ma kin taɓa ganin rumfarsa ranar Juma'a da hantsi. Rumfar zana ce a gindin tsamiya, tabarma biyu, rediyo a rataye. Tun daga nesa za ki ji yana wasa aska a jikin fata, shau, shau, ba gaggawa. Ya tsoma hannu a ƙwarya ya jiƙa kan mutum, ya dafe shi da yatsu uku, nan take kowane irin mai tsiwa ya yi laƙwas. Ya san kan kowa a garin, ya san mai ƙulu a ƙeya, ya san mai tabon faɗowa daga jaki. Akwai wani Bafulatani, Buba, da ke tahowa daga ruga da ƙwaryar nono don a yi masa aski, su yi ta tsokanar juna har a kira salla. A rumfar nan ake jin farashin dawa, a nan ake sasanta masu rigimar iyakar gona. Duk jaririn da aka haifa a garin, askar Baba ce ta sauke masa gashin farko. Ni ban san wani wuri a duniya da hankalina ya taɓa kwanciya kamar nan ba.

Shekara shida da suka wuce wata farar mota ta shigo garinmu da mutanen wata jami'a, da akwatunan sanyi da takardu. Suka ce bincike suke yi a kan ciwon hanta. Ba wanda ya yarda ya miƙa hannu, kin san yadda mutanenmu suke da maganar jini. Sai mai gari ya ce su je wurin wanzami, tunda shi ne kowa ke miƙa wa wuya bai ji tsoro ba. Baba ya saurare su, ya naɗe hannun riga, shi aka fara ɗiba. A rumfarsa suka kafa tebur kwana uku. Innata Saude ita ta yi ta tuƙa musu tuwon dawa. Suka yi ta tambayar mutane wa ke yi musu aski, an taɓa yi musu ƙaho, an cire musu beli, an yi musu tsaga. Baba sai murna yake, a zatonsa sana'arsa ce ta burge su. Ya buɗe zabirarsa ya fiddo asake ɗaya bayan ɗaya yana yi musu bayani, har hoto suka ɗauka.

Kowa ya dangwala yatsa, aka ba shi wani ɗan kati mai lamba, babu suna a kai. Suka ce wanda aka ga matsala a jininsa za a neme shi ta asibitin garin. Suka tafi. Wata ya wuce, shekara ta wuce, shiru. To tunda ba a nemi kowa ba, ashe kowa lafiya ke nan. Haka Baba da bakinsa ya gaya wa mutane. Katin nan ya koma katin lafiya. Mata suka adana nasu a ƙasan kwalla, maza a gafaka, Baba ya sa nasa a zabira.

Bara waccan idon Baba ya yi rawaya, ƙafa ta hau, ciki ya fara kumbura. Na zo daga Gusau na ce mu tafi asibiti a duba hanta. Ya ciro katin ya nuna mini, ya ce ai masana sun riga sun duba, wannan shawara ce, saƙe-saƙi zai kore ta. Ni ma wallahi na yarda. Wata huɗu muka yi muna jiƙe-jiƙe. Ranar da muka kawo shi Gusau likita ya ce ciwon hanta ne nau'in B, ya daɗe a jikinsa, hantar ta riga ta gama lalacewa. Kwana tara ya ƙara a duniya.

Watan jiya ina zaune a shago babu aiki, na rubuta Bungudu da sunan ciwon a waya, haka kawai. Sai ga rahotonsu a wata mujallar likitoci, an buga shi shekara huɗu da suka wuce. Sun ɓoye sunan garin, amma watan da adadin mutanen da hoton zabira duk namu ne. Kwana biyu na yi a kansa da ƙamus. Mutum ɗari uku da sha biyu aka ɗiba, arba'in da ɗaya suna da cutar. Arba'in da ɗaya, Hajiya! Baba yana raye yana aski lokacin da suka buga wannan. A jadawali na uku kuma sun nuna wai waɗanda wanzami ke yi wa aski sun fi sauran kamuwa kusan ninki biyu, suka rufe da cewa a wayar wa wanzamai kai. Wane wanzami suka wayar wa kai? Wanda suka ci tuwon gidansa? A shafin godiya sun gode wa jami'a, sun gode wa direbansu ma. Malam Shu'aibu ko a ƙasan layi babu shi.

Ga inda nake. Yayana Mannir shi ya gaji zabirar, yana nan a rumfar yana aski da asaken Baba. Ƙanwarmu Mansura da ke aure a Kucheri ta dawo gida goyon ciki, wata takwas, haihuwar fari. Mannir har ya fiddo ƙaramar askar da Baba ke yi wa jarirai askin suna, yana cewa da ita za a yi wa jikan Baba, a cire beli ma a gama. Mansura ita ma tana da katin, da shi take tinƙaho. In na buɗe baki, kamar na tsaya gaban Inna ne na ce mijinta ya raba wa garin cuta, na kuma tuɓe wa Mannir sana'a. In na yi shiru, askar nan za ta hau kan jariri. Ni kaina ban yi gwaji ba, sau biyu ina zuwa ƙofar asibiti ina juyowa, gara in faɗa miki gaskiya.

Me zan yi? Su kuma masu binciken, ba na son a kira ni gefe a ba ni haƙuri. A nan inda kowa ke karantawa nake son su amsa: lambar Babana tana cikin arba'in da ɗayan nan ko ba ta ciki?

Ɗan Wanzami, Damba, Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Malam Shu'aibu, ya sa aljanna ce makomarsa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, fushinka yana da dalili. Amma ajiye shi gefe tukuna, don cikin wata takwas ba zai jira ka huce ba.

Mansura ce farko. Cikin wannan makon a kai ta awo, ta nemi a yi mata gwajin ciwon hanta nau'in B. Ɗan jini ne kaɗan, galibi a ranar ake samun sakamako. In tana da shi, likita zai duba ko tana bukatar magani kafin haihuwa. Ko tana da shi ko ba ta da shi, jaririn yana bukatar allurar rigakafin wannan ciwo cikin awa ashirin da huɗu da haihuwarsa, sauran kuma su biyo baya a sati shida, sati goma da sati sha huɗu. Na san a gidajenmu ba a son fita da jariri kafin suna. Wannan allurar ba a jira mata suna. Ta haihu a asibiti in da hali, ku kuma tambaya tun yanzu ko suna da allurar a ajiye.

Katin da kuke riƙe da shi lambar kwalbar jini ce kawai, ba ya cewa lafiya, ba ya cewa cuta. Wannan shi ne abin da ya fi kamata mutanen garinku su ji, kuma ana iya faɗinsa ba a taɓa sunan kowa ba.

Game da jadawalin da ya ƙona maka rai: irin wannan bincike yana duba mutane ne a lokaci guda, ya ga abubuwa biyu suna tafiya tare. Ba ya iya nuna wa ya sa wa wani. A ƙasashenmu da yawan masu wannan ciwo tun wurin haihuwa ko a ƙuruciya suka same shi, ƙila mahaifinka ma tun yana goye yake ɗauke da shi. Sai dai ba zan ruɗe ka ba. Aska da ta taɓa jini tana iya ɗaukar cutar, ƙwayar tana yin kwanaki a jikin ƙarfe ko ya bushe, goge ta a tsumma ko ɗauraye ta da ruwa ba ya kashe ta. Mahaifinka bai sani ba. Mutumin da ya fara miƙa hannunsa don a gano ciwon da ke damun garinsu, da an gaya masa, ina kyautata zaton shi zai fara gyarawa. Kai ka sani yanzu, don haka shirunka ba irin nasa ba ne.

Kada ka je wa Mannir da waya a hannu kana karanto masa Turanci, yayanka ne. Ka same shi ku biyu, ka ce likita ya faɗa cewa abin da ya ɗauki Baba akan same shi a gida ɗaya, kana jin tsoro, ya raka ka gwaji. Gaskiya ce ka faɗa, kai ma ka samu wanda zai hana ka juyowa daga ƙofa. Haka za ka gaya wa Inna, ita ma a gwada ta. Wanda aka samu da shi, akwai maganin da ke danne cutar ya kare hanta in likita ya ga ana bukata. Wanda ba shi da shi ya yi rigakafi. Sana'ar Mannir kuwa ba ta mutu ba. Wanzamai da dama yanzu sabuwar reza suke ɓarewa a gaban kowane mutum, su jefar bayan sun gama, hakan ma ya ƙara jawo musu jama'a. Askin suna a yi shi da sabuwar reza. Beli a bar wa jariri abinsa, cire shi na jawo zubar jini da shigar cuta. Asaken Baba a shafa musu mai a adana, abin tunawa ne.

Masu binciken ma a yi musu adalci. Ka san yadda hanyoyin yankinku suka koma a shekarun nan. Ƙila sun miƙa sakamakon ga asibitin garin aka sauya ma'aikaci, ko aka rufe wurin, takardun suka kwanta. Sa lamba maimakon suna kuma don rufin asirin mutane ake yi. Amma duk wannan bai sauke musu nauyi ba. Wanda ya ce zai nemi mai matsala, wajibi ne ya tabbatar saƙo ya isa. Duba rahoton, za ka ga adireshin imel na jagoran binciken da sunan kwamitin da ya ba su izini. Rubuta wa dukansu, ka sa lambar katin mahaifinka, ka rage zafin harshe don a karanta har ƙarshe. Kada kowa ya jira amsarsu kafin ya yi gwaji, sakamakon shekara shida ya tsufa.

Allah ya sauki Mansura lafiya, ya ba ku sakamako mai daɗi, ya sanyaya maka zuciya.

Na cire sunan jami'ar da na mujallar da ka rubuto har sai mun ji ta bakinsu, amma na aika musu da kwafin wasiƙarka. Ku da kuka yi wannan aiki, kun gane kanku. Mutum arba'in da ɗaya kuka ƙirga, guda nawa aka gaya wa? Ku rubuto amsa da sunanku, za mu buga ta a nan ba tare da cire ko kalma ɗaya ba.

Hajiya Hanatu