Ina Ta Shan Ruwa, Ƙanena Na Shiga Rumbun Baba

Gwaggo Hajo, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin da ke cina ya fi ƙarfin in faɗa wa wanda ya san fuskata. Ina fatan kina lafiya, ya iyali, ya fama da jama'a. Ki sakaya sunana, domin jaridar nan hannu-hannu take yawo a wurin aikinmu.

Tambayata gajeriya ce. Shin da gaske ne yawan shan ruwa yana rage ƙiba? Amma sai na ba ki labarin yadda aka yi magidanci kamata, mai mata da 'ya'ya, ya zauna yana irin wannan tambaya.

Ni mutumin ƙauyen Turawa ne, ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a nan Karaye, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Mahaifinmu manomi ne, yana da gandu, yana kuma da wani babban rumbun ƙasa da ba a taɓa shi sai da bazara, in hatsin ƙananan rumbuna ya ƙare. Bakinsa a sama yake. A ɗage jinka, a kafa tsani, mutum ya zura ƙafafu ya sulale ciki ya riƙa miƙo dammuna. A gidanmu ba kowa ke shiga ba. Kakanmu ne ke shiga, sai Baba, da gwiwoyinsa suka fara ciwo ya ce ni. Wanda ya shiga shi kaɗai ya san abin da gida ya mallaka, in ya fito ya raɗa wa Baba a kunne. Duk wanda ya tambaya bayan haka, ko mahaifiyarmu ce, amsa ɗaya ake ba shi, a ce akwai albarka. Tun ina saurayi nake wannan aiki, kuma ko da na samu aikin gwamnati ban taɓa fashi ba.

Bara na je kamar yadda na saba. Na tuɓe babbar riga, na hau tsani, na zura ƙafafu. Ƙugu ya wuce da ƙyar, da aka zo kan tumbi sai magana ta tsaya. Na tsotse ciki, na murɗa hagu na murɗa dama, ban shiga ba. Na ce to bari in fito, fitar ma ta gagara. Sai da maƙwabta suka hau suka kama ni ta hammata suka fizgo ni, gefen bakin rumbun ya ɓantare ya biyo ni. Ina jin matan gida a bayan danga suna ƙunshe dariya. Baba ko sannu bai yi mini ba. Juyawa kawai ya yi ya yafito ƙanena Ilu da hannu.

Ilu fa, Gwaggo, yaron da na goya a bayana. Mu duka jikin mahaifiyarmu muka ɗauko, kuma da can ya fi ni ƙiba nesa ba kusa ba. Lokacin da yake ɗinki a Rogo, kujerar da yake zama a gaban keke sai da aka ƙara mata katako. In ya zo gida ni nake tsokanarsa, in ce a fitar masa da tuwo a ƙwarya don akushi ya yi masa kaɗan. Da jikin Baba ya fara rauni sai ya rufe shago, ya sayar da babur ɗinsa ya sayi shanun huɗa, ya dawo gida. Ban ankara ba sai ganin mutum na yi ya zabge, wuya ya fito, yana tafiya fadama a ƙasa ya dawo ko haki ba ya yi. Ranar nan ya hau tsani a guje ya sulale cikin rumbu kamar an saki guga a rijiya. Ya fito ya sunkuya ya raɗa wa Baba a kunne, ina tsaye ina kakkaɓe ƙasa daga cikina. Da yamma na ja shi gefe na tambaye shi abin da ya rage a ciki. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce akwai albarka. Amsar da ake ba mata da yara da baƙi, ita ƙanena ya ba ni.

Ba zan ɓoye miki ba, kishinsa nake yi, kishi mai zafi. In na ga ya sa kaftani ya zauna masa ɗas, raina ɓaci yake. In an yabe shi a gabana sai in ji miyau ya yi mini ɗaci. Har matata Rabi'atu, da muka je suna gida, ta dawo tana ta santin wai Ilu ya koma saurayi. Ranar ban ci tuwonta ba, fita na yi na ci tsire.

Na danne zuciya na tambaye shi sirrin abin. Ya ce babu wani sirri, wani malamin asibiti ne a Rogo ya ce ya riƙa shan ruwa kafin ya ci abinci, ya kuma rabu da lemon kwalba. Na ce a raina in dai ruwa ne, wallahi sai na fi shi sha. Na sayi ƙaton kofin silba na ajiye a kan teburina. In sha da safe, in sha da hantsi, in sha ko ba na jin ƙishi, har in na tashi tafiya ana jin cikina yana ƙara kamar tulun da bai cika ba. Ba na iya zaman taro a ofis sai na nemi uzuri na fita. Abokan aiki har sun laƙaba mini suna, wai Challawa, saboda dam ɗin nan da aka yi mana. Duk na jure. Amma ramin bel ɗina yana nan inda yake, in ma ba ƙaruwa na yi ba.

Ni kuwa ba maciyi ba ne. Da safe ɗumame ne kawai, in na iso ofis in sha shayi da burodi wajen Maikuɗi mai shayi, shi ma don sabo, ya san hannuna a sukari da madara. Da rana 'yar shinkafa, da lemo don ya wuce da ita, wani lokaci a ƙara wani in an yi baƙo. Tun da aka tare ruwan nan kifi ya yi araha, in an kawo soyayye ba na korar mai talla. Fura kuwa ai ba abinci ba ce. Da dare tuwo, kamar kowa. Kuma duk abin da na ci sai na bi shi da ruwa.

Da na ga shiru sai na ce ƙila ruwan ne ya bambanta, Ilu na rijiyar gidanmu yake sha, ni na Karaye. Yanzu kowane ƙarshen mako sai na ɗaure jarka a bayan Vespa na je Turawa na cika na juyo. Shi ma shiru. Daga nan zuciyata ta fara raya mini cewa rubutu ne wani malami ya ba shi a Rogo yana zubawa a tulunsa, yana ɓoye mini don ya gaje wurina. Kwanan baya na faki idonsa ya tafi masallaci, na shiga sashensa na ɗebi ruwan tulun na sha. Ruwa ne dai kamar kowane ruwa. Ina ajiye moɗa matarsa ta fito, ta durƙusa ta gaishe ni, ta wuce abinta. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu an gama kaka, an cika rumbu, an gyara bakin da na ɓantare, kuma maginin bai ƙara masa ko faɗin yatsa ba. Mahaifiyarmu ta shaida mini Baba ya ce in an buɗe rumbu bana zai tara mu ya faɗi wanda zai riƙe gandu. Ba gonar nake kwaɗayi ba, ina da aikina. Abin da ba zan iya ba shi ne in sake tsayawa a ƙasa ina kallo ƙanena yana raɗa wa ubana magana. Gwaggo, ki gaya mini gaskiya, ruwa yana rage ƙiba ko yaudarata Ilu yake yi? In yana ragewa, wane iri zan sha, kuma yaya yawansa, da zan shiga rumbun nan kafin bazara?

Naki,
Ɗan Fari, Karaye

Wa alaikumus salam, ɗana Ɗan Fari. Na gode da gaisuwa, kuma na sakaya sunanka, ko da yake ina jin mutanen Turawa ba za su sha wahalar gane ka ba.

Bari in fara da ruwa. Ilu bai yi maka ƙarya ba, rabin maganarsa kawai ka ɗauka. Na tuntuɓi wata ma'aikaciyar jinya da na yarda da ita, ga abin da ta ce. Ruwa ba ya narkar da kitse, ko na rijiya ne ko na famfo. Taimakonsa ta hanya biyu ne. In ka sha kofi guda kafin ka sa hannu a akushi, ciki yana saurin cika, sai ka ci kaɗan. In kuma ka sha shi a madadin lemo da shayi mai sukari, ka rage abin da ke tara maka jiki. Kai kuwa ba ka rage komai ba, ka ci duk abin da ka saba ci, sannan ka zuba ruwa a kai. Fura abinci ce, ɗana, har da ƙari in an dama ta da sukari. Ka kuma duba wasiƙarka da kyau. Ƙanenka ya tashi daga gaban keken ɗinki, ya rabu da babur, yana bin shanu a gona, yana zuwa fadama a ƙasa. Da hannunka ka rubuta, amma kishi ya hana ka gani.

Ka daina ɗura wa kanka ruwa ba ƙishi, yawansa fiye da kima yana iya cutarwa. Ka sha in ka ji ƙishi, ka sha kafin abinci, ya isa. Ka bar lemo, ka ce Maikuɗi ya rage hannu, ka zaɓi ɗaya tsakanin ɗumame da burodi. Ka ajiye Vespa ka riƙa zuwa ofis a ƙasa. Kada ka sayi maganin ramewa a kasuwa. Ka je asibiti a auna maka jini da sukari, musamman in ka lura ƙishin da yawan fitsarin suna zuwa da kansu ko ba ka tilasta ba. Jiki a hankali yake sauka, don haka ba zan yi maka alkawarin bakin rumbu kafin bazara ba. Ƙila ka kai, ƙila ba ka kai ba.

Zafin da kake ji ban raina shi ba. An yi maka dariya a gidan ubanka, kuma da Baba ya kira ka gefe ranar ya ce maka ko kalma ɗaya, da abin bai yi maka wannan miki ba. Sai dai ka yi wa Ilu adalci. Amsar da ya ba ka ita ce kai ma ka yi shekaru kana ba shi, har da mahaifiyar da ta haife ku, ba wanda ya ce ka yi laifi. Ya riƙe amanar da aka ba shi kamar yadda ka riƙe. Batun rubutu kuwa ka cire shi daga ranka, kada ka ƙara shiga sashen ƙanenka ba ya nan. Matarsa ta rufa maka asiri sau ɗaya, ka gode mata ta hanyar barin abin.

Ga abin da ya fi damuna. Na karanta wasiƙarka na sake karantawa. Na san abin da Ilu ke sha, na san yadda kaftani ke zauna masa, amma ban san yadda mahaifinku yake kwana yake tashi ba. Kana zuwa gida kowane mako, ban ji inda ka ce ka zauna a gefen tabarmarsa ba. Tsoho ba ya tayar da maganar wanda zai riƙe gandu haka kawai, sai in ya ji wani abu a jikinsa. Ina kuma kyautata zaton ba faɗin ƙugu zai duba ba in ya zo yanke hukunci. Zai duba wanda ke kusa in shanu sun kwanta ciwo, ko in shi kansa ya kasa tashi.

Don haka kada ka jira bazara. Ka je ka same shi shi kaɗai, ka tambayi jikinsa, ka kai shi asibiti in akwai buƙata, sannan ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, har da kishin. In ya ce Ilu ne, to ranar da aka taru duk idon dangi a fuskarka zai kasance. Ka riga kowa buɗe baki ka ce ka yarda, ka sa wa ƙanenka albarka a gaban mahaifinku. Wannan aikin babu wanda zai iya yi masa shi sai ɗan fari, kuma ba ka san ko bazara nawa suka rage maka tare da Baba ba.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya haɗa kanku kai da Ilu. Ka gaishe mini da Rabi'atu, ka kuma ci tuwonta.

Gwaggo Hajo