Bindigarka da Na Sa Aka Yanka

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Maharbi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan ƙasar da ta rufe ka shekara shida ke nan ta zame maka sassauƙa, ɗanka Habibu ne ke rubuto maka daga unguwar Misfala a Makka. Har yanzu ina nan ina tuƙa motar alhazai. Akwai laifin da na yi maka, amma sai ka fara jin labarin wanda ya jawo shi.

Ka san Ɗanlami na gidan Baffa Sule. Yanzu Injiniya ake ce masa, har yau ban ji sunan makarantar da ta ba shi ba. Ya zo umara cikin Sha'aban, ya sauka a ɗakina kwana goma. Jama'a na zuwa garin nan su yi ta ɗawafi har ƙafa ta kumbura, shi kuwa ya miƙe a ƙarƙashin na'urar sanyi, waya a kan tumbi, yana kallon wani Bature da ke ɗura harsashinsa da kansa.

Baturen nan, Baba, yana da teburi da ma'auni mai allura da littafi mai kauri. Yana zaɓen albarushi marar hayaƙi iri-iri, wani mai saurin ci, wani mai ci a hankali, ya gwada ya ga wanne ne ke ba harsashi gudu, wanne ne ke tara harbi biyar wuri ɗaya. Ɗanlami bai ga ma'aunin ba, bai ga littafin ba. Abin da ya shiga kunnensa kawai gudu. Ana shan shayi, gudu. Ana cin tuwo, gudu. Mutumin da ko kaza aka ce ya kamo sai ya nemi taimako.

Da a surutu ya tsaya da na ƙyale shi. Wata rana bayan la'asar ya nuna mini hoton wata kwalba a wayarsa. Wai ya farfasa kwanson harsasan bindigar kanti, ya tara garin da ke ciki, kala uku a haɗe. Idan shinkafar fadama ta nuna, gyado ya fara ɓarna, da wannan haɗin za a ɗura bindigarka adaka. Ya ce kai mutumin da ne, ka ƙare rayuwarka kana harbi cikin hayaƙi kamar mai gasa masara. Na tambaye shi wa zai ja kunama. Ya ce Auwalu mana, tunda shi kafaɗarsa na ciwo.

Auwalu, Baba. Autanka, mai 'ya'ya uku, wanda duk gidan da noman hannunsa ake ci.

Na tuna ranar da ka zaunar da ni a zaure, ka nuna mini bututun adakar, ka ce sandar sitiyarin wata tsohuwar mota ce mahaifin Tanko maƙeri ya huda maka. Na tuna ɗan ƙahon akuyar da kake auna baƙin albarushi da shi, yadda kake share bakinsa da yatsa kada ƙwaya ta ƙaru. Ka ce mini, “Habibu, na san iyakar ƙarfen nan, ba na roƙonsa abin da ba shi da shi.” Shekara talatin kana harbi da ita, ban taɓa ganin ka dawo da ko ƙwarzane ba.

Don kada a ce ƙiyayya ce, na kai Ɗanlami wurin mai gidan da nake haya, Ammu Bakur. Haifaffen nan ne, kakansa ya zo daga Sakkwato a ƙasa. Yana da takardar izinin bindiga, yakan fita jeji can nesa da iyakar Harami, don ka san a cikin garin nan ko tantabara ba a firgitawa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ajiye finjalinsa ya ce, “Ya waladi, wannan kalam faɗi ne, maganar wofi. Gari marar hayaƙi na ƙarfen masna'a ne da aka gwada. Ka zuba shi a masura, wato bututun maƙera, khalas, ba ta harba gaba, fuskar mai riƙe da ita take nema.”

Muna fitowa Ɗanlami ya ce Larabawa arzikin mai ya lalata su, ba su san bincike ba. Ya je ya sayo wa kansa jallabiya biyu da turare.

Na kira Auwalu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa shi da girmanka. Ya yi mini dariya. Ya ce shekara goma sha ɗaya ina shan sanyin Makka, na manta yadda gyado ke kwantar da gona a dare ɗaya. Ya ce Injiniya ya yi karatun abin, ni kuwa direba ne. Wannan ta yi mini zafi, ba don ni ba. Takaicin shi ne ɗan da ka haifa ya ɗauki maganar mai kallon waya sama da taka.

Ranar da na kai Ɗanlami filin jirgi a Jidda, ban jira na dawo gida ba. Na tsaya a gefen hanya na kira Inna. Na ce ta sauko da adakar daga bangon ɗakinka, ta naɗe ta a zane, ta kai wa Tanko kafin jirgin ya sauka Kano. Ta tambaye ni ko ɓoyewa ba za ta wadatar ba. Na ce Auwalu ya san kowane lungu na gidan nan. Ta ce to.

Inna ta ce Tanko ya ƙi da farko, wai aikin ubansa ne, hannunsa ba zai iya ba. Da ta faɗa masa abin da ake shirin zuba mata, sai ya tashi ya ɗauko zarto. Ya yanka bututun gida biyu, ya daddake bakin kowanne. Ita ta ɗauko guntayen ta dawo da su a ka, tana kuka har gida.

Ni na sa, Baba. Ba ka bar mana gona mai yawa ba, ba ka bar shanu ba, ita ce abin da ake nunawa a ce na Malam Garba ne. Ina ɗokin ranar da zan dawo in shafa kotarta inda tafinka ya cinye katakon. Ka yafe mini.

Ɗanlami yana can yana yawo majalisa-majalisa yana cewa na hana gidanmu ci gaba. Kwalbarsa tana nan, an ce har yau bai sami wanda zai ara masa bindiga da kafaɗa ba. Auwalu kuwa ya daina ɗaga wayata. Saƙo ɗaya ya turo mini, hoto ne, ya riƙe guntu ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya rubuta a ƙasa, “Ga aikinka, Yaya.” Na buɗe hoton na ƙara girmansa, na ƙirga yatsunsa. Goma ne cif. Ya yi ta fushinsa har shekara goma in ya so.

Gobe bayan asuba zan yi ɗawafi in roƙa maka. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka, Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah Ya huci zuciyar Auwalu. Ɗanlami kuma Allah Ya shirye shi, don ni na gaji.

Ɗanka mai neman gafararka,
Habibu
Misfala, Makka