Rasuwar Sarkin 'Yan Kama Gajere a Kasuwar Tarka

Cikin alhini da miƙa wuya ga Mai kowa Mai komai, mu 'yan kama na ƙasar Damargu muke sanar da jama'a rasuwar ubanmu kuma maigidanmu, Sarkin 'Yan Kama Gajere ɗan Audi na Gangara, wanda Allah ya karɓi ransa ranar kasuwar Tarka, yana tsakiyar wasa.

Shekara ashirin marigayi yana yawon kasuwanni, daga Tanut har Tenhiya, yana sa manoma da makiyaya dariya. Bayan shekarar yunwa, wadda ya binne 'ya'yansa uku a cikinta, barkwancin tuwo ya daina isarsa. Ya zauna damina biyu a zauren Malam Lawali, masanin tauhidi, wanda yakan ce ɗan Adam ya san zai tafi, bai san yaushe ba, amma kullum yana gyaran danga. Daga wannan magana ya ƙago Wasan Gawa Mai Gardama. Yakan kwanta a tabarma, mu lulluɓe shi, ana kiɗa, can sai ya yunƙura ya tambayi masu ɗaukarsa ina za su kai shi, kuma wa a cikinsu ya taɓa zuwa. Mutane su yi ta dariya, su koma gida jiki a sanyaye.

Dole mu faɗi abin da ya faru, domin magana ta yi yawa, mu kuma mun kasa zama, mun kasa barci. Dokar da ya kafa mana ita ce, kada kiɗa ya tsaya sai gawa ta motsa, kome daɗewa. Ran nan ya kwanta, bai motsa ba. Ni Ɗan Azumi, ni ne ke riƙe da ganga. Na ga ƙuda ya sauka a ƙafarsa bai girgiza ta ba, na ce a raina, yau tsohon ya gwanance. Na ci gaba da kiɗa, kasuwa na ta shewa, har inuwar gawo ta bar kansa.

Don haka muke roƙon uwargidan marigayi, Rahamatu, da ƙanensa Malam Jika, wanda ya ce mun yi wasa da gawar ɗan'uwansa kuma ya hana mu zuwa addu'ar bakwai, su dubi Allah su yafe mana. Wallahi ba raini ba ne. Jiransa muke yi. Muna neman izinin halartar addu'ar arba'in, ba ganga, ba waƙa, ko a bayan danga ne mu tsaya.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi. Tambayar da ya sha yi mana, yau shi ya riga mu sanin amsarta. Tabarmarsa na wurinmu a naɗe. Ba wanda ya iya shimfiɗa ta, tana nan har sai ranar da Malam Jika ya ce a kawo.

Ɗan Azumi Makaɗi,
Mai magana da yawun 'yan kama na Damargu