Ƙashin Mushe da Amanar Isufu

Laraba da dare, Dakoro

Mako uku ina bibiyar shanun Kawu Sale da ke durƙushewa a Azagor. Ni na gano musabbabin: ƙarancin ma'adinai a ciyawar rani ke sa su tauna ƙashin mushe, dafinsa kuma ya datse furotin ɗin da ke sakin sinadarin saƙo daga jijiya zuwa tsoka, ƙafa ta mutu.

Na zana wa Isufu, aminina tun muna makarantar lise, tsarin dalla-dalla. Yau a taron makiyaya ya miƙe ya bayyana shi tamkar bincikensa. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ina ma irin karatun Isufu ka yi!"

Isufu ya ji shi sarai. Murmushi ya yi.