Kwamfutar da Yaya Doniyor Ya Aiko

Daga gida, kusa da Rishton

Yaya Doniyor,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Koriya? Mu nan lafiya lau, sai ƙanƙara da ta rufe tsakar gida har kaji sun ƙi fitowa. Mama tana gaishe ka. Na rubuta a takarda zan ɗauki hotonta in tura maka, don in na kira ka gajiya ba ta barinka ka ji ƙarshen magana.

Nurmat maƙwabcinmu ya kawo saƙonka. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce mai kyan gaske, siririya, har ledarta ba a ɓare ba. Amma Yaya, me ka saya mana haka? Ranar farko ta yi aiki kamar walƙiya. Daga rana ta biyu ta koma kunkuru. In na kunna ta, sai na dafa shayi na shanye kafin ta gama buɗe ido. In Baba yana faɗa mini littafinsa na ire-iren inabi ina bugawa, shi ya kai ƙarshen magana, haruffa kuwa suna fitowa ɗaya-ɗaya a baya. Ga wani gurnani da take yi daga ciki.

Baba bai taɓa ta a gabanmu ba. Ya ce shi bai karɓi komai ba, ni na karɓa. Ya ce ɗan da ya bar gonar inabi ya hau jirgi ba tare da albarkar ubansa ba, ba zai saye shi da ƙarfe ba. Jiya da ta tsaya cak a tsakiyar shafi, sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Ai abu da mai shi yake kama, sheƙi a waje, lalaci a ciki." Ya ce Nurmat zai koma Koriya ƙarshen wata, in ba ta gyaru ba a haɗa shi da ita.

Ka san Baba. In ta koma, ba ita kaɗai ya mayar ba, maganar zuwanka Navruz, bikinmu na fitar sanyi, ma ta sha ruwa. Don haka ka faɗa mini abin da zan taɓa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Hilola

*

Daga Ansan, Koriya

Hilola,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Ki gaishe da Mama, ki ce ina cin abinci sosai, kada ta tambaye ki sau goma.

Maganar Baba ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Sabuwa ce dal, a gabana aka buɗe kwalinta. Ban aiko don in sayi kowa ba. Na tuna yadda yake rubutu da hannu har yatsunsa su ƙage, shi ke nan.

Ga abin da za ki yi. Sabuwar kwamfuta takan yi kwanaki tana sabunta manhajojinta a ɓoye, ki bar ta a jikin wuta da intanet har ta gama, sannan ki kashe ki kunna. Akwai tarkacen manhajoji da 'yan kamfani ke cusawa, suna tashi tare da ita kamar baƙin da ba a gayyata ba. Na turo miki hoton inda za ki hana su tashi. Ki kuma duba ko tana kan tsarin tattalin batir, in haka ne ki canja. In duk wannan bai yi ba, ki lura mini da lokacin da take yin nauyi da lokacin da take sakewa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ina so in san dalili.

Da yake maganar, ya ambaci sunana, ko "wancan yaron" ya ce?

Yayanki, Doniyor

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. "Wancan yaron" ya ce. Kai ka tambaya.

Na yi duk abin da ka ce. Na kori baƙin naka kaf, na bar ta ta sabunta kanta har ta gaji. Ta ɗan sake, kamar mara lafiyar da ya iya zama amma bai iya tashi ba. Mama ta ce baki ne, don rabin unguwa sun shigo kallonta. Ta ƙona ganyen isiriƙ, maganin baki, ta zagaya ta da hayaƙi sau uku, ni da kwamfutar muka yi ta tari.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Ranar Talata na tafi da ita makaranta don in buga jarrabawar yarana. Ka san ɗakin malamai, tun da aka rage iskar gas da riguna biyu muke zama, numfashi yana hayaƙi. Wallahi a can ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, gurnanin ma ya ragu. Na dawo gida na buɗe ta gaban Baba ina murna, sai ta koma gidan jiya. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ci gaba da shan shayinsa.

Na yi zaton wutar gidanmu ce, na cire caja, duk ɗaya. Na kashe intanet, duk ɗaya. Wace irin na'ura ce ke son makaranta ta ƙi gida? Ko ita ma halinka ta ɗauko? Wasa nake, kada ka kumbura.

Nurmat ya fara sallamar mutane. Ka yi sauri.

Hilola

*

Hilola,

Salamu alaikum. Na karanta a motar ma'aikata, na yi ta juya maganar har na kusa wuce tashata. Zafi ne. Kwamfuta in ta ji zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, gurnanin nan kuwa fankarta ce ke neman iska. Shi ya sa ta sake a ɗakin malamai.

A ina kike ɗora ta a gida? In a kan sandali ne, teburinmu na jin ɗumi, kin gama da ita. Garwashi a rami a ƙasa, tebur a sama, bargo mai kauri a kansa, kowa ya cusa ƙafafu yana jin daɗi, ita kuwa tana gasuwa. Ki ɗora ta a kan faranti ko katako, nesa da wuta. Sannan ki kifa ta, ki duba 'yan ramukan da ke ƙasa da gefe. Ta nan take numfashi. Ki faɗa mini abin da kika gani.

Ban kumbura ba. Ina son gida, Hilola. Kullum ina sonsa.

Doniyor

*

Yayana,

Ina gaisuwa. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

A kan sandali nake ɗora ta mana, ina kuma mutum zai zauna a watan Janairu? Na kifa ta kamar yadda ka ce. Ramukan nan duka a toshe suke da auduga. Na ce ko ta bargo ce ta shaƙa, na sa tsinke na zaro ta, na ɗora ta a kan farantin shayi a bakin taga. Yaya, ta tashi kamar ranar farko. Na mayar da ita kabad ɗin ɗakin baƙi inda nake ajiye ta, na ce gobe zan ba Baba mamaki.

Washegari na dawo daga makaranta na ɗauko ta. Ɗakin nan ruwa ma daskarewa yake a cikinsa, amma na ji ta da ɗumi kamar burodin da aka ciro daga tanderu. Na kifa ta, audugar ta dawo. Kuma ba tarkace ba ce, an murza ta siri-siri an jera a kowane rami, irin yadda muke toshe kafofin taga in sanyi ya shigo. Na tambayi Mama, ta ce ita ko ƙurarta tsoron sharewa take.

Ranar Alhamis aka tashe mu da wuri saboda ƙanƙara. Na shigo kafin azahar, Mama tana maƙwabta. Na tarar da Baba a durƙushe gaban sandali, ya ɗage bargo yana zaro wani abu a naɗe cikin babbar rigarsa ta sanyi. Ya warware, sai ga kwamfutarka. Ya sa tabarau, ya ɗauki tsinken ashana yana gyara audugar inda ta zame. Ashe kullum in na fita sai ya ɗauko ta ya sa ta a ɗumi, ya mayar kafin in dawo. Ni kuma rufe ta kawai nake ba na kashewa, tana can cikin riga tana ta aiki.

Na ce, "Baba, sannu da aiki."

Ya zabura, sannan ya murtuke. "Ke ba ki iya sallama ba?"

"Na yi, ba ka ji ba. Me kake yi mata?"

"Me nake yi? Gyaran sakacinki nake. Kin jefar da abu a ɗakin da ko kare ba zai kwana ba, ga ta duk kafofi, iska na shiga ta ko'ina. Inabi ma binne shi muke in sanyi ya zo, rumman mu lulluɓe shi, balle wannan da ba ta san ƙasarmu ba."

"Ai ka ce ba ka karɓa ba."

Ya ajiye tsinken hannunsa. Ya ce, "Yaron nan a tsaye yake wuni gaban inji kafin ya sayi wannan. In bar sanyi ya kashe ta?"

Dariya ta zo mini, kuka ya riga ta. Na zauna na karanta masa takardarka, har layin ƙarshe, ka yafe mini. Da na kai inda ka ce ta nan take numfashi, sai ya ce, "Wato ni nake shaƙe ta?" Na ce e. Ya ce, "Ina nufin alheri ina shaƙe ta." Ya jawo ta gabansa. Shi ya cire audugar da hannunsa, rami bayan rami, bai bar ni na taimaka ba.

Yanzu tana bakin taga a kan faranti. Tun ɗazu yake gabanta da yatsa ɗaya, ya ce in nuna masa inda haruffa suke in fita. Ban san me yake bugawa ba.

Allah ya tsare.
Hilola

*

Doniyor,

Bayan gaisuwa. Ni ne na buga wannan da kaina, in ka ga kuskure nawa ne.

Na'urarka lafiyarta ƙalau. Abin da na faɗa a kanta da kai na janye shi.

Ƙanƙara tana narkewa za a tone inabi, kuma bayana ba ya iya sunkuyon nan yanzu. Ka zo. Albarka ba a sa ta a takarda, sai na ga goshinka.

An ce can ma sanyi ake sosai. Kai wa yake rufe ka?

Mahaifinka,
Tursunali