Maƙwabcina Mai Bindiga

Yaya Nasimiyu,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama, ya yara? Ni lafiya lau nan Amurka, kada labarin talabijin ya tayar muku da hankali.

E, Baturen da kuka gani maƙwabcina ne, Garrity. Masu zanga-zanga suka shigo layinmu, wanda mu masu gidajen muka mallaka har kwaltarsa, shi kuma ya nuna musu bindiga. An kai shi kotu, amma lauyoyi rububinsa suke, mata na kai masa abinci. Jiya har ya ce mini, "Wekesa, kowa a gidansa sarki ne. Sayi taka bindigar mana!"

Ni kuwa ranar zanga-zangar ina ƙofar gidana ina ba ciyawa ruwa, 'yan sanda suka zo kama masu zanga-zangar suka haɗa da ni, wai na shiga layin mutane. Kwana ɗaya kawai na yi a tsare, kuma akwai bargo. Kar Mama ta ji.

Ki aiko mini da ganyen shayi, Allah ya saka.

Ina ƙyashin Garrity, Yaya, amma ba don bindigar ba. Shi ba wanda ya tambaye shi ko gidan nasa ne.

Ƙaninki,
Wekesa